Yadda Ake Gano Tof da Saita Wutar Inji

Duk injin fetur mai fistin, daga babur ɗin 'yan acaɓa da ke jiran fasinja a Kwangila a Zariya zuwa tsohuwar Fijo 504 da aka harhaɗa a Kaduna, lafiyarsa na rataye ne a kan tambaya guda: a ina karanshaf, wato sandar ƙarfen da hawa da saukar fistin ke juyawa, yake a lokacin da filogi ya ba da wuta? Abin da nake fara koya wa yaran garejinmu a Sabon Gari ke nan, tun kafin in bar su su taɓa kafireto.

A yawancin injina, karanshaf na juyawa sau biyu, wato digiri 720, kafin silinda ɗaya ta gama aikinta huɗu: ta zuƙi mai da iska, ta matse su, wuta ta tashi ta turo fistin ƙasa, sannan hayaƙi ya fita. Ke nan fistin na kaiwa ƙololuwa, inda muke kira tof, har sau biyu. Ɗaya a ƙarshen matsewa, ɗaya a ƙarshen fitar hayaƙi. Na farkon ne namu.

Ka tuna fedar keke. Idan tana can sama daidai, ko ka ɗora mata nauyinka duka keken ba zai motsa ba, sai ta ɗan karkata gaba. Haka fistin yake a tof: shi da kwanrod (sandar da ke haɗa shi da karanshaf) da hannun karanshaf sun miƙe a layi ɗaya, duk ƙarfin da ya sauko a kan metal, wato ƙarfen da karanshaf ke juyawa a cikinsa, yake ƙarewa, ba ya juya komai. Hannun karanshaf ya fi karɓar turi a wajen digiri 70 zuwa 75 bayan tof, amma kafin a kai can fistin ya yi ƙasa, fili ya buɗe, matsin ya ragu sosai. Shi ya sa ake so matsin ƙonewa ya kai ƙarshen ƙarfinsa a wajen digiri 15 bayan tof, sa'ad da hannun ya fara karkata kuma wutar na da sauran ƙarfi.

To amma mai ba ya ƙonewa a take, yana ɗaukar ɗan lokaci kafin wutar ta game ɗakin. Dole filogi ya riga fistin. A silo, wato sa'ad da inji ke aiki ba a taka totur ba, yawancin injinan fetur na son wuta tsakanin digiri 5 zuwa 12 kafin tof. Idan inji ya kai juyi 3,000 a minti, juyi 50 ke nan a daƙiƙa, fistin na gudu amma saurin ƙonewar bai ƙaru haka ba, don haka wutar kan matso har wajen digiri 30. Ainihin lambar kowane inji tana cikin littafinsa ko a takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet, kuma ita za ka bi.

Yanzu aikin hannu. Ka kashe makulli, ka saka giya a furi, ka cire filogin silinda ta ɗaya. Ka toshe ramin da babban yatsanka, yaronka ya riƙa juya inji da sifana a kan fule (faifan bel da ke gaban karanshaf), ta ɓangaren da yake juyawa idan yana aiki. Da zarar ka ji iska na ture yatsanka, fistin na hawa ne a kan matsewa. Daga nan a hankali, har alamar da ke jikin fule ta zo daidai da sifirin ma'aunin da ke jikin inji. Ka buɗe murfin dilko, wato na'urar da ke raba wa filogi wuta, ka duba: rota, ɗan hannun da ke juyawa a cikinsa, ya kamata ya fuskanci wayar filogi na ɗaya. Idan ya juya mata baya, kana kan tof ɗin hayaƙi, sai ka ƙara juyi guda cur. Sauran wayoyin a yawancin injina masu silinda huɗu suna bin 1-3-4-2. Don Allah kada ka zura sukudireba a ramin filogi don auna fistin, tsinke mai laushi ya isa.

A yawancin babura akwai ɗan ramin leƙa alama a murfin magneto, wato na'urar da ke samar da wuta. Harafin T shi ne tof, F kuma wurin wuta. A kan T ake daidaita alamar kamshaf (sandar da ke buɗe bawul) da saita bawul. Wutar babur da ta ƙaramin janareta ba a murɗa ta, don haka idan ta kauce, ka duba ɗan makullin ƙarfen da ke riƙe fulaiwil (faifan ƙarfe mai nauyi) a kan karanshaf, sau da yawa shi ne ya tsinke.

Motar dilko kuwa, ka bari inji ya yi zafi, ka cire tiyon iskar da ke jikin dilkon ka toshe shi idan littafin ya ce haka, ka maƙala fitilar tayimin (mai ƙyaftawa duk lokacin da filogi ya ba da wuta) a wayar filogi na ɗaya, ka haska fule. Ka sassauta noti, ka murɗa dilkon kaɗan-kaɗan. Murɗa shi saɓanin juyin rota na sa wuta ta zo da wuri. Ina ganin abokan sana'a na saitawa da kunne, kuma ban yarda da hakan ba: inji na iya yin daɗin sauti a silo alhali wutarsa ta wuce da digiri 10.

Bayan ka ɗaure, ka fita gwaji. Ka hau titin Samaru, ka saka babban giya da ƙaramin gudu, ka taka totur. Idan ka ji ƙara siririya kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin inji, wutar ta yi wuri, matsin na dukan fistin tun yana hawa, kuma haka ake cinye ringi da metal. Ka mayar da ita baya da digiri 2. Wannan ya fi faruwa a zafin Maris da Afrilu, musamman da man 'yan bumburutu. Idan kuma motar ta yi nauyi, tana shan mai, lagireto na tafasa, bakin salansa na zafi fiye da ƙima, wutar ta makara ne, man na ƙarasa ƙonewa a hanyar fita.

Sababbin motoci ba su da dilko. Akwai faranti mai haƙora a jikin karanshaf, a motoci da yawa gurbi 60 ne aka cire haƙora biyu, kowane gurbi digiri 6. Sensa na ƙirga su, giɓin kuma shi ke gaya wa kwamfutar mota inda fistin yake. Idan irin wannan mota ta mutu da zafi, ta tashi bayan ta huce, ka fara duba sensar da wayarta kafin ka sa mai mota ya sayi famfon mai.