Kurakuran da Muke Yi Idan Sabis Ya Yi Rauni

Duk wanda ya taɓa zama a ƙauyen da sai an hau tudu ko an tsaya gindin wata bishiya kafin a amsa waya, ya san takaicin rashin sabis. Abin da ke damuna shi ne, da yawa daga wahalar mu muke ƙara wa kanmu, wani lokacin har da asarar kuɗi.

Babban kuskure shi ne dogaro da 'yan sandunan nan da ke saman allo. Kowane kamfanin ƙera waya da yadda yake lissafa su, shi ya sa wayoyi biyu a tabarma ɗaya, da layi iri ɗaya, wannan ta nuna sanda huɗu, waccan biyu. Ma'aunin gaskiya lamba ce da ake kira dBm. A yawancin wayoyin Android tana cikin saiti, wajen bayanin waya, ƙarƙashin matsayin layi. Lambar tana da alamar ragi a gabanta, kuma ƙaramar ita ce mai kyau: a 4G, -80 sabis ne mai ƙarfi, -100 na lallaɓawa ne, idan ta wuce -110 kuwa kira zai riƙa yankewa. Kada ka raina bambancin 10, domin ƙarfin ya ninka ko ya ragu sau goma ke nan. Zagaya gidanka da wannan lambar a buɗe, ka ɗan dakata a kowane wuri ta daidaita. Sau da yawa za ka tarar bakin wata taga ta fi tsakiyar ɗaki nesa ba kusa ba.

Dalili kuwa rufin kwano ne da katangar siminti mai rodi. Ƙarfe yana tare sabis. Katangar ƙasa mai kauri ma tana rage shi. To maimakon ka yi ta ɗaga waya sama a ƙuryar ɗaki, ajiye ta a tagar da ke fuskantar ƙarfen sabis, ka yi magana da abin sawa a kunne. Mai MiFi ma, wato 'yar na'urar nan mai raba intanet, can ya kamata ya rataye ta, ba ƙarƙashin matashi ba.

Akwai kuma masu zargin sabis alhali cunkoso ne. Idan sanduna a cike suke amma bidiyo ya ƙi buɗewa bayan Isha'i, ko ranar kasuwa, mutane ne suka yi wa ƙarfen yawa. Hawa tudu ba zai yi maganin wannan ba. Bari manyan abubuwan saukewa sai da asuba.

Wani kuskuren da na sha gani wajen matasa: kulle waya a 4G kaɗai don data ta yi sauri. Idan layinka ko wayarka ba su da VoLTE, wato tsarin da ke ba da damar yin kira a kan 4G, kira ba zai shigo ba sam, mutanen gida su yi ta nema ana ce musu ba a samunka. Bar ta ta zaɓa da kanta. A wurin da sabis ɗin ya yi rauni ƙwarai ma, mayar da ita 2G ya fi, saboda zangon 900 MHz da ake yawan amfani da shi yana kai wa nesa. Kira da saƙon tes da lambobin banki na tiransifa duk suna tafiya a kansa.

Batir ma yana shan wuya. Waya tana ƙara ƙarfi ne wajen neman ƙarfen da ya yi nisa, sai ta yi zafi, caji ya zube. Mutum ya je ya sayi sabon batir alhali nasa lafiya lau. Inda babu sabis kwata-kwata, sa ta a yanayin jirgin sama. Kunna shi da kashewa ma yakan sa ta kama ƙarfen da ya fi kusa.

Sitikar da ake mannawa a bayan waya wai tana jawo sabis, da manhajojin da ke da'awar ƙara shi, duk damfara ce. Na'urar busta mai ƙara ƙarfin sabis kuwa, hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi gargaɗin cewa saka ta ba da izini ba laifi ne, domin tana dagula sabis ɗin maƙwabta.

Mazauna bakin iyaka, irin su Jibiya da Illela da Maigatari, ku duba sunan kamfanin da ke saman allo. Waya takan tsallaka ta kama sabis ɗin Nijar, kuɗi su tafi da sunan kana ƙasar waje. Ku zaɓi kamfaninku da hannu a saiti.

Idan kuwa sabis ya ɗauke wa gari gaba ɗaya kwana da kwanaki, matsalar daga ƙarfen take: ƙarewar gas, satar batir, ko tsinkewar wayar sadarwa da aka binne a ƙasa. Kai ƙara wajen kamfanin ka karɓi lambar ƙorafi. Idan suka yi shiru, kira 622, layin NCC na kyauta, ka ba su wannan lambar.