Yadda Ake Ƙawata Lambun Gida da Kayan Ado a Katsina

Duk mai son ƙawata lambun gidansa ya fara da katanga, domin a kanta ido yake fara sauka. A nemi maginin da ya iya zanen gargajiya, ya fitar da dagi tun yaɓen yana ɗanye, sannan a ɗora zankwaye a kusurwoyi kamar yadda ake gani a Gidan Korau, fadar Sarkin Katsina. Idan ginin na ƙasa ne, a shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, saboda tana rage zaizayar da ruwan damina yake yi wa zane.

Game da mutum-mutumi, yawancin malamanmu ba su yarda da sassaƙa siffar mai rai ba, shi ya sa na fi son a cike gurbinsa da randa, da tulu, da tsohon turmi, waɗanda kyansu ba ya gundurar mai kallo. A ɗora kowace randa a kan bulo, a huda gindin wadda za a yi shuka a ciki domin ruwa ya riƙa tsiyayewa. Wadda aka ajiye don ado kawai kuwa, lallai a kife ta, in ba haka ba ta tara ruwa ta zama matattarar sauro. Turmi kuma kada ya taɓa ƙasa, gara ba ta da tausayi.

Kada a cunkushe wurin. Randa uku a gaban shingen lalle sun wadatar, muddin ana share musu ƙurar hunturu.