Masu haddar sababbin kalmomi, ga dabara ba ko sisi

Salamu alaikum 'yan'uwa, musamman masu shirin JAMB da ƙannenmu na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua.

In kuna koyon kalmomin Turanci ko Larabci, ku daina zama kuna bin jerinsu da ido kawai. Ku yayyanka kwali ƙanana, kalma a gaba, ma'ana a baya. Ku kalli kalmar, ku faɗi ma'anarta da baki, sannan ku juya ku duba.

Wahalar tunowar nan ita ke dasa kalma a ka, dubawar nan take kuma ita ke hana kuskure samun gindin zama. Haka malamin allo ke yi: almajiri na kawo hadda, yana yin tuntuɓe ana gyara masa.

Wadda ta kayar da ku, ku maimaita ta gobe da safe. Wadda kuka ci, sai jibi, sannan bayan mako. Tun 1885 wani Bajamushe masanin halayyar ɗan Adam, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo.

Kuma ku zaɓi kalmomin da ku da kanku kuke buƙata. Abin dole ba ya zama. Ganin tulin katin da kuka ci yana ƙaruwa ma wani ƙarfin gwiwa ne.

Amma fa in kun rubuta ma'anar da ba daidai ba, kuskure za ku haddace, don haka ku duba ƙamus tukuna. Dabarar nan ba ta koyar da furuci, wannan sai wanda ya iya ya saurare ku. In sai daren jarrabawa za ku fara kuwa, kada ma ku ɓata kwalinku a banza.