Ƴar filtar bakin mai da ke ɓoye a kan injin tsohuwar mota: yadda zaka duba ta

Mafi yawan masu mota filta ɗaya suka sani ta bakin mai, wato waccan mai kamar gwangwani da ake kwancewa a jefar duk lokacin sabis. To amma a injina da yawa akwai wata ƴar ƙarama can a cikin tof silinda, raga ce siririya da bata kai tsayin ɗan yatsa ba, tana ɓoye bayan noti ko a jikin gasket, kuma sai mota tayi shekara 15 ko 20 babu wanda ya taɓa leƙa ta saboda bata cikin jerin abubuwan da ake canzawa a sabis. Shin abin damuwa ce? Eh abin damuwa ce, amma ba a kowace mota ba, kuma ba irin damuwar da zata sa ka kasa barci ba. Ni dai ra'ayina, duk wanda ya sayi tsohuwar mota bai san yadda mai ita na farko ya riƙe ta ba, ya kamata ya sa a ciro ragar nan ko sau ɗaya ne ya ganta da idonsa.

Da farko ka tabbatar injinka ma yana da ita. Wannan raga ta zo ne tare da injinan da ke sauya lokacin buɗe bawul da ƙarfin bakin mai. Honda sun fito da VTEC a 1989, Toyota suka kawo VVT-i a tsakiyar shekarun 1990, BMW nasu VANOS, Subaru AVCS, Hyundai da Kia CVVT. In ka buɗe bonet ka ga irin wannan rubutun a murfin inji to kusan tabbas akwai raga a wani wuri. In kuwa injinka irin su 4A-FE ne ko 5S-FE na tsofaffin Corolla da Camry, kar ka wahalar da kanka ko bakanike, babu ita, babu abinda aka manta.

Aikinta ba wani mai wuyar ganewa bane. Famfon mai yana turo bakin mai sama zuwa kan inji, wani kaso yana bi ta wani bawul mai aiki da lantarki wanda ake kira OCV ko solonoyid, kwamfutar motar ce ke bashi umarni, shi kuma sai ya tura man cikin giyar da ke bakin kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul, domin ta juya gaba kaɗan ko ta koma baya. Sandar da ke zirga-zirga a cikin solonoyid ɗin nan a matse take sosai, ɗan ƙanƙanin datti ya isa ya maƙale ta, shi yasa aka saka raga a gabansa. Wani zai ce ai babbar filta ta riga ta tace man. Ta tace, amma ita babbar filtar tana da wata ƙofar gefe da ke buɗewa in mai yayi kauri da sanyin safiya ko in ta toshe, a wannan lokacin man da ba'a tace ba yana wucewa kai tsaye, sannan akwai dattin da ke taruwa a hanyoyin mai bayan an riga an wuce filtar, ga kuma ɓurɓushin gam na silikon da ake shafawa fiye da kima lokacin ɗaure inji, duk nan suke zuwa su tsaya.

In ta fara toshewa motar bata mutuwa nan take, a hankali take canza hali. Zaka ji ta yi nauyi in ka taka totur, shan fetur ya ɗan ƙaru, wani lokaci silo ya riƙa rawa, sai fitilar cek injin ta kama. In aka sa mata kwamfuta a Toyota ana yawan ganin lambar matsala P0011 ko P0012, tsofaffin kuma P1349. A Honda akwai P1259 a na da, da P2646 ko P2647 a irin su injin K24 na Accord da CR-V, kuma su Honda nasu da zafi yake zuwa, mota tana tafiya lafiya lau amma da allurar juyin inji ta doshi wajen 3000 sai ta fara fizga kamar ana riƙe ta, saboda kwamfuta ta ga man bai kai ba ta hana injin hawa. Abinda ke ɓata min rai shine yadda ake ganin waɗannan lambobin a wuce kai tsaye a sayi sabon solonoyid, ko giyar kamshaf, har da masu kwance cen ɗin taimin, alhali ba'a ja sandar gwajin mai an ga ko man ya ragu ba, balle a duba ragar da bata ɗaukar awa guda. Fara da sandar gwajin nan malam, ƙarancin bakin mai kaɗai yana kawo duk waɗannan lambobin.

Ƙarar nan ta "karrr" ta daƙiƙa ɗaya ko biyu da wasu injina ke yi in an tayar da safe, yawanci ba laifin ragar bane, ƴar kusar da ke kulle giyar kamshaf ce ta gaji. Ka wanke ragar ba laifi, amma kar ka sa ran ƙarar zata tafi.

A yawancin Toyota da Honda ragar tana kare layin sauya taimin ne kawai, in ta toshe kamshaf da kiranshaf basu rasa mai ba, dan haka injin bazai buga saboda ita ba. Inda abin yake da haɗari na gaske shine Subaru masu tobo (na'urar da ke ƙara tura iska cikin inji), irin injin EJ255 na Legacy GT da Forester XT na wajen 2005, su ragarsu tana cikin notin da bututun mai ke ɗaure da shi a kan silinda, kuma ta nan tobo ke samun mai. In ta toshe tobo ya bushe ya cinye kansa, ɓurɓushin ƙarfen ya gangara cikin inji. Mai irin wannan motar kam kar ya jira wata alama.

To yanzu aikin. Ka nemi lambar injinka tukuna, ba sunan motar kawai ba, domin Corolla ɗaya tana iya zuwa da injina daban daban, da lambar ne zaka nemi zanen inda ragar take. A 1ZZ-FE da 1NZ-FE noti ne a gefen tof silinda kusa da solonoyid ɗin, ragar tana bayansa. A Honda kuma tana manne a jikin gasket na robar da ke tsakanin solonoyid ɗin VTEC da kan inji, noti uku ne masu kai milimita 10 ke riƙe da shi, a K24 ma akwai ta biyu ta layin VTC, mai juya giyar kamshaf, a ɗaya gefen.

Ka bar injin ya huce sosai. In wurin yana kusa da altaneta ka cire kan batir na nagatif, sifana ɗaya ta taɓa wayar altaneta ta isa ta jawo maka wani aikin. Sai ka goge kewayen notin fes kafin ka kwance, wannan matakin mutane suna rainawa, amma duk ƙasar da ta faɗa ramin to ta shiga layin mai ne kai tsaye. Ka sa tsumma a ƙasa saboda man da zai ɗiga kar ya zuba kan bel. Kayi amfani da soket da ya zauna daidai, notin da ya shekara 20 ba'a taɓa shi ba yana da taurin kai, in ka cinye kansa ka shiga uku. Wani lokaci ragar tana fitowa tare da notin, wani lokaci tana zama a ciki sai ka sa filaya mai dogon baki ka jawo a hankali, kuma ka lura da gefen da ya fara shiga, ko ka ɗauki hoto da waya.

Kafin ka wanke, tsaya ka kalle ta a haske, nan ne ribar aikin take. In ka ga ta yi launin ruwan ƙasa kawai amma haske na ratsa ta, injinka ya samu kulawa, ka wanke ka mayar ka manta da ita shekaru. In baƙin dagwalo ne ya like ta mai danƙo, to an daɗe ana ja da bakin mai fiye da lokacinsa, kuma abinda ka gani a ragar akwai ninkinsa a ƙarƙashin murfin bawul da cikin tukunyar mai ta ƙasa. In guntayen roba ne ja ko toka-toka, silikon ne daga wani aikin baya, ya kamata ka yi tunanin ragar bakin famfon mai ma ta kwashi nata rabon. In ka ga ƙyalƙyalin ƙarfe, musamman mai launin tagulla, to batun ya wuce raga, wani abu yana cin kansa a ciki, metal ne (biyarin kiranshaf) ko cen, kar ka wanke ka rufe ka ce shikenan, a gwada ƙarfin mai a saurari injin. In kuma man ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ne ke shiga.

Wankin da feshin wanke kafireto ko na birki ake yi, ka bari ya jiƙu sannan ka bi da tsohon buroshin haƙori a hankali. Kar ka sa waya ko allura kana tsokalo ramukan, kar kuma ka matsa mata iskar kwamfuresa da ƙarfi, ragar siririya ce tana yagewa. In ta yage ko robar jikinta ta bushe tana ɓarewa, canza ta, a kayan inji tana cikin mafi araha. Ta Honda kam ni bana ganin amfanin wankewa, gasket ɗin ya riga ya taurare, in ka mayar zai fara yoyo, sayi sabo ya zo da ragarsa. Tunda kana wurin ka ciro solonoyid ɗin shima ka fesa masa, na Toyota in ka auna da mita ya kamata ya nuna tsakanin 6.9 da 7.9 om in yana da sanyi, in ka ɗan taɓa masa wutar batir kuma ka ga sandar ta motsa da ƙarar ƙas.

Wajen mayarwa ka sa sabuwar washa, ka fara ɗaura notin da hannu sai ya shiga zagaye da dama kafin sifana ta taɓa shi, domin tof silinda alminiyam ne, zaren cikinsa baya jure ƙarfi. Ka duba littafin injinka ka ɗaure da awon da suka bayar, ba sai ka hau kansa ba. Tayar da mota, ka duba yoyo, a goge lambobin a kwamfuta, sai ka yi tafiya har injin ya ɗau zafi ka ga ko zasu dawo.

Akwai kuma wata mantuwa da ake yi, wato anyi aikin tof, an ɗaure komai, sai aka tsinci ragar a cikin tiren notina. Motar zata tashi tayi tafiya lafiya, shi yasa wasu ke cewa bata da amfani. Amma bayan aikin tof ne dai datti yafi yawa a layin mai, ɓurɓushin tsohon gasket da silikon da ƙurar gogewa, kuma yanzu babu abinda ya tsaya tsakaninsu da solonoyid da giyar kamshaf. Tunda daga waje ake saka ta ba sai an sake buɗe inji ba, ka koma a saka. Haka masu cire ta da gangan dan fitila ta mutu, sun kashe fitilar yau ne sun tura dattin wurin da yafi tsada.

In ka samu dagwalo da yawa kar kayi saurin zuba maganin wanke inji mai ƙarfi, yana iya ɓamɓaro dattin gaba ɗaya ya je ya toshe bakin famfon mai, wanda yafi toshewar ragar muni nesa ba kusa ba. Gara ka canza mai da babbar filta a ranar, ka rage tazarar sabis biyu ko uku na gaba, sannan ka sake ciro ragar ka ga ko ta kuma tarawa. Ka kuma koma kaurin man da aka rubuta a littafin motar, injin da aka ce 5W-30 in ka ɗura masa 20W-50 wai dan ya tsufa, man yana wahalar ratsa raga ko da wankakkiya ce, musamman kafin injin ya ɗau zafi.