Yadda ake rubuta kiɗa da hannu a tablet, manhaja ta mayar da shi kamar bugun inji

Kusan duk wanda na zaunar na nuna wa wannan abu, ba ya cika sati sai ya dawo yana ce min "Malam, abin nan fa ba ya gane rubutuna." Ni ma haka na ce a farko, har na kusa sayar da alƙalamin. To ba rubutunka ba ne mummuna, asali ma masu kyan rubutu sun fi shan wahala, zan zo kan wannan. Ba zan tsaya koyar da menene kurochet ko minim ba, na ɗauka ka riga ka iya karanta noti a kan layukan nan biyar. In kuma solfa kaɗai ka iya, wato d r m f s irin wanda yawancin mawaƙan cocinmu suka tashi da shi, to ka sani tun yanzu waɗannan manhajoji ba solfa suke karantawa ba, noti suke jira ka zana, sai ka fara koyon wancan tukuna. Haka masu haɗa kiɗa a situdiyo da manhajar FL Studio, ku ba ku da buƙatar wannan sai dai in za ku miƙa wa mai busa ko mai goge takarda ya karanta.

Na farko, duba abin da ke hannunka kafin ka sayi komai.

StaffPad ita ce wadda aka fi sani. Ta fito a 2015 a kan Windows, don Surface, tablet ɗin Microsoft, aka fara yin ta, sai a 2020 ta zo iPad, a 2021 kuma Muse Group masu manhajar rubuta kiɗa ta MuseScore suka saye ta. Babu ita a Android, kar wani ya ce zai saka maka a kasuwa. Lokacin da ta shigo iPad kusan dala 90 ce, ka lissafa da canjin yau ka ji yadda gabanka zai faɗi. In Android gare ka akwai NotateMe ta kamfanin Neuratron, tana da ƙaramar kyauta mai suna NotateMe Now wadda layi ɗaya kawai take ba ka, ya isa ka gwada hannunka. Akwai kuma Notion Mobile ta PreSonus, saukewa kyauta ne amma ɓangaren rubutun hannu sai ka biya a buɗe maka. Dorico da Sibelius duk sun zo iPad a 2021, manhajoji ne masu kyau, sai dai ba zana noti ake yi su gane ba, don haka ba su cikin maganarmu. Ni dokata ita ce kar ka kashe ko sisi sai ka yi sati biyu da ta kyauta.

Na biyu alƙalami. Wannan mai kan roba da ake sayarwa a bakin titi tare da caja, ajiye shi, shi da yatsanka duk ɗaya ne. StaffPad sai da alƙalami na gaske take aiki, Apple Pencil ko Surface Pen, domin ta raba aiki biyu: alƙalami na rubutu, yatsa na jan shafi da buɗe shi. Wani abu da mutane ba sa lura da shi, Apple Pencil mai USB-C da ya fito a 2023 ya fi araha amma ba ya jin ƙarfin dannawa, haka ma yawancin na kwaikwayo, alhali a StaffPad ta iPad in ka danna da ƙarfi ne alƙalamin ke komawa magogi. Za ka iya rayuwa ba shi, sai dai kullum kana kai hannu sama kana zaɓo magogi, kuma a satin farko gogewa ta fi rubutu yawa. Masu Galaxy Tab S na Android yawancinku kun huta, alƙalaminsa S Pen na zuwa a kwali. Ka kuma manna wa gilashin ledar nan mara sheƙi mai kama da takarda, in ba haka ba alƙalamin zai riƙa zamewa, illarta kawai tana cin bakin alƙalami, balle da ƙurar hunturu, goge gilashin kafin ka fara.

Na uku, shirya shafi kafin ka ɗora alƙalami. Zaɓi kayan kiɗa ko muryoyi, saka ki (key) ɗin waƙar, saka 4/4 ko 3/4 ko 6/8 daga jerin da manhajar ta ba ka. In waƙar muryoyi huɗu ce, ba kowace murya layinta, sofurano, alto, teno, bes. Na san a littattafan waƙa ana haɗa biyu-biyu a layi ɗaya, kar ka yi haka yanzu. Sannan ka buɗe shafin da yatsu biyu har sai ɗaki ɗaya ko biyu ne kawai suka cika gilashin. Ɗaki nake ce wa abin da ke tsakanin sandunan nan biyu masu raba kiɗa, haka nake gaya wa yarana kuma ya zauna musu.

Yanzu ga inda kowa ke faɗuwa, ni ma nan na faɗi.

Wani daren Alhamis ne, ranar Asabar muna da ɗaurin aure, na zauna da StaffPad zan rubuta wa mawaƙa wata gajeriyar waƙa mai ɗaki 16. Yadda aka koya mana da fensir haka na yi, in zana ƙwai in bi shi in cike shi baƙi ƙirin, in ja masa sanda a miƙe kamar da rula, in na ga bai yi kyau ba in sake bi ta kai. Wallahi rubutun ya yi kyau, da a takarda ne sai a manna a bango. Ina matsawa ɗaki na gaba sai na baya ya koma kalar lemo, rubutuna na nan yadda na bar shi, alamar ba a gane ba ke nan. Na goge na sake, na ƙara cikewa da kyau don a tunanina rashin cikawa ne, abin ya ƙara lalacewa. Aka ɗauke wuta, caji ya kusa ƙarewa, ina ɗaki na huɗu. Ƙarshe da biro na rubuta a takarda na kai aka yi min fotokwafi da safe.

Laifina ne. Manhajar ba hoton abin da ka zana take kallo kamar yadda idon mutum ke yi ba, tafiyar alƙalaminka take bi, inda ka ɗora, inda ka ja, inda ka ɗaga. Duk zagayen da ka yi kana cike ƙwai, ita a wurinta wani sabon zane ne da za ta yi ta kokawa da shi. Don haka baƙin kai, na kurochet ko kweba, ɗan gajeren layi ne a karkace, ja ɗaya, tsak a kan layin ko tsak a tsakanin layuka, ka ɗaga hannu. Sai sanda, ja ɗaya, ta taɓa kan. Farin kai na minim zagaye ɗaya ne kuma ka rufe bakinsa, in ka bar shi a buɗe ko ka matse shi ƙanƙane zai iya fitowa baƙi. In kweba biyu ne ko huɗu, fara jera kawunansu, bi su da sanduna, sai ka ja gadar da ta haɗa su a ƙarshe kuma ta taɓa kowace sanda. Kullum kai, sanda, gada. Kar ka canza wannan jerin ko da wasa.

Ɗigo ma yana da nasa rikicin. Wanda ke ƙara tsawon noti a gefen dama yake zama daf da kai, in ya ɗan haura sama ko ya sauka ƙasa sai ya zama na tsinke sauti, ka ga ɗakinka ya rasa rabin bugu kuma ba ka san inda ya shiga ba. Wata yarinya cikin masu alto ta yi kusan awa tana neman wannan rabin bugun, da na buɗe shafin sosai sai ga ɗigon zaune a saman kai kamar ƙuda. Hutun kweba kuwa rubuta shi kamar lamba 7, shi ke nan. Shap, wato alamar #, layuka huɗu ne, kar ka yi masa ado. Notin da ya fita daga layuka biyar, fara ja masa ɗan layinsa tukuna sannan ka ɗora kai.

Dabarar da ta cece ni ita ce daina cika ɗaki kafin a duba. StaffPad ɗaki-ɗaki take fassarawa, sai ka taɓa wani ɗakin take juya na baya. To rubuta noti biyu ko uku, taɓa waje, ka ga sun koma bugun inji, dawo ka ƙara. In ɗaki ya yi kalar lemo kar ka share shi duka, abu ɗaya ne yawanci ya hana, goge wanda ka fi zargi ka sake gwadawa. In kuma ta gane notin amma ta ɗora shi a layin da ba shi ba, ba sai ka goge ba, riƙe shi da alƙalami ka ja shi sama ko ƙasa. A NotateMe abin ya ɗan bambanta, kana rubutu a ƙasa bugun na fitowa a sama nan take, kuma tana sabawa da hannunka a hankali, shi ya sa ba na ba kowa aron tablet ɗina ya yi rubutu a ciki.

Kuma ka ƙirga. Rabin abin da ake ɗora wa manhaja rashin ƙirga ne. Waƙoƙinmu da yawa a bugu na ƙarshe suke shiga, in ba ka iya saita guntun ɗakin farko ba cike gabansa da hutu, babu wanda zai kama ka. Wanda kuma ya ƙi jin maganata ya haɗa sofurano da alto a layi ɗaya ba tare da ya zaɓi murya ta biyu ba, zai tarar da bugu takwas a ɗakin bugu huɗu.

Sauran ba wuya. Duk ɗaki huɗu ka kunna ka saurara, kunne ya fi ido saurin kama kuskure. Alamun ƙarfi da laushi irin su p da f da layukan lanƙwasa bar su sai notin sun zauna duka. Kalmomin waƙa da kibod ake saka su gaɓa-gaɓa, ka duba ko ƙ da ɗ da ɓ sun fito daidai, wani salon harafin akwati yake nunawa a madadinsu. Masu bandin birged, rubuta yadda sautin yake a piyano ka bar manhaja ta juya wa turampet da saks nasu, kar ka yi lissafin da ka.

In ka gama fitar da shi kashi biyu. PDF na bugawa da turawa a WhatsApp, MusicXML kuma, nau'in fayil ɗin noti da wasu manhajoji ke iya buɗewa, na ajiya, shi ne za ka buɗe a MuseScore a kwamfuta, kyauta ce, ka gyara tazara da girman shafi. Kar ka dogara da fayil ɗin MIDI wajen ajiya, sauti yake riƙewa ba tsarin shafi ba. Wajen bugawa ka ce A4, kuma ka fara buga kwafi ɗaya ka ba mai bes mafi tsufa a cikinku ya riƙe a nesa da ido, in ya iya karantawa sai ka buga sauran.