Neman kabarin jaririn da ya zo babu rai: kurakuran da na gaji da gani

Tun da aka ji a unguwarmu cewa na gano inda aka rufe yayana, ɗan farin Inna da ya zo babu rai a 1984, mutane ke sallama a ƙofar gidana nan Yamai da irin wannan buƙata. Wani ƙanwarsa yake nema, wata kuma ɗan da ta haifa shekara talatin da suka wuce, ko fuskarsa ba ta gani ba. Abin da ke ci mini rai, kusan kowa ramin da na faɗa shi yake nufa.

Babban kuskure shi ne fara nema daga takarda. Mu da muka yi lakwal mun ɗauka duk abin da ya faru yana rubuce a wani wuri. Wata bakwai na yi ina zirga-zirga tsakanin ma'aikatar magajin gari da gidan haihuwa, yau a ce mai makullin ɗakin ajiya ya yi tafiya, gobe a ce tsofaffin rajistocin ruwa ya taɓa su. A duk tsawon lokacin nan kawuna yana zaune a Tawa da ransa da hankalinsa, kuma shi ne ya ɗauki jaririn a hannunsa ranar da abin ya faru, don Baba yana wajen aiki. Na san da haka sarai. Na ce bari sai na haɗa takardu, in na je gaisuwar Babbar Sallah in tambaye shi a natse. Saura mako uku Sallah aka kira ni da asuba aka ce Kawu ya cika. Tafiyar yini ɗaya ce a mota fa! Har yau in na tuna sai in ji ƙirjina ya yi nauyi.

Ku gane dalilin da ya sa shaidu ba su da yawa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kamar yadda yake a Risala, jaririn da bai yi kuka ba bayan haihuwa ba a yi masa sallar jana'iza, ba ya gado, ba a gadonsa. Sai a wanke masa jini, a naɗe shi da farin ƙyalle, namiji ɗaya ko biyu su kai shi su rufe, sau da yawa tun mai jego ba ta farfaɗo ba. Ba taro, ba zaman makoki, ba suna. Mata kuma ba sa raka gawa. Ke nan duk duniya mutum biyu ko uku ne suka ga wurin da idonsu, kuma yanzu duk sun tsufa. Ka bar takarda, ba ta mutuwa gobe. Ka sayi goro ka tafi wurin tsohon nan yau, ka gaishe shi, ka ce: “Kawu, wata magana ce mai nauyi na zo da ita, in ka yarje mini.” Ni yanzu ko mutum bai gama ba ni labari ba nake katse shi da tambaya ɗaya: wa ya ɗauki yaron, yana da rai?

Sai batun shekara. Kada ka tambayi tsohuwa “wace shekara ce”, za ta ba ka lamba don ta sallame ka. Tambaye ta me ake ciki a lokacin. Kafin Kunce ya karɓi mulki a Afrilun 1974 ne ko bayansa? Babbar kasuwa ta ƙone a 1982, an sake buɗe ta a 1987: a ina take cefane lokacin? Kunce ya rasu a Nuwamban 1987, taron ƙasa a 1991, karyewar darajar sefa a Janairun 1994. Inna ce mini ta yi cikin azumi ne, ana tsananin zafi, shekarar yunwar da ake kira El Buhari. Azumin 1984 ya faɗo a watan Yuni, sai ga shi na samu wata guda cif a maimakon shekara uku da nake lalube. A tuna azumi yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, kada a lissafa da lokacin da yake zuwa yanzu.

In ka je gidan haihuwa, da sunan uwa ake nema, yaron ba shi da suna. Ka gwada rubutun Faransanci iri-iri, Haoua a madadin Hauwa, ka duba layin rajista inda aka rubuta mort-né, wato wanda ya zo babu rai. Ko ka samu, rana da sa'a zai ba ka. Ni dai layin da na gani bai ce komai ba game da inda aka kai shi.

Kuskure na biyu da ya ci mini kuɗi da hawaye shi ne ɗauka cewa lallai a makabarta yake. Duk ɗan Yamai in an ce kabari, makabartar Yantala ce ke faɗo masa a rai. Amma jariran da suka zo babu rai, da yawa a cikin gida aka rufe su, bayan ɗaki ko gindin katanga, duk da cewa Risala ta ce makaruhi ne. Ni ban san haka ba. Na je wata tsohuwar makabarta, na samu wani mutum a bakin ƙofa, na zayyana masa komai, na damƙa masa jika biyar tun kafin ya buɗe baki. Ya zagaya da ni, ya nuna mini wani ɗan tudu kusa da wata bedi, ya ce nan ne. Na durƙusa na yi kuka, na yi wata biyu ina zuwa duk Juma'a. Daga baya na lissafa shekarunsa, na ga a 1984 ko makarantar allo bai gama ba. Ban ce mugu ba ne, wataƙila tausayina ya ji, ya ga ba zai iya sallamata hannu wofi ba. Amma don Allah ku daina ba da kuɗi kafin amsa, ku daina faɗa wa mutum amsar da kuke son ji! Ka bari shi ya fara kawo alama: wane gefe, wa ya zo da yaron, da safe ko da yamma. In bai kawo abin da ya dace da abin da ka riga ka sani ba, ka yi godiya ka tafi. Kabarin jariri ƙarami ne, ba alama a kansa, damina biyu ko uku ta isa ta shafe shi.

Wadda ta warware mini ita ce matar Kawu, da na je mata ta'aziyyar arba'in. Ban ma tambaye ta ba, kuka na yi mata na rashin tambayar mijinta. Ta ce: “Ai ɗana, ni na yage ƙyallen daga sabon zanena. A gidan hayar unguwar Bukoki ne, bayan ɗakin da ke gabas, kusa da randa.” Saboda haka kada ku raina matan da suka zauna da mai jego: ba su je wurin ba, amma maza sun dawo sun faɗa a gabansu.

Sauran a taƙaice. Kada ka tambayi uwa a gaban mutane, balle in ɗan fari ne, kunya ba za ta bar ta ta yi magana ba. Kada ka sa labarin a Facebook ba da izininta ba. In tsoho ya yarda, ɗauki muryarsa a waya. Kada ka shiga gidan mutane kai tsaye, ka bi ta wurin mai unguwa ko limamin masallacinsu. Tono kuwa kada ma ya zo maka a rai.

Gidan Bukoki ya canza hannu sau biyu, an shafe tsakar gidan da siminti, inda randa take yanzu famfo ne. Mai gidan, Allah ya saka masa da alheri, ya fitar da iyalinsa zaure ya bar mu. Inna ta tsaya bayan ɗakin gabas ta dafa bango, ta daɗe bakinta yana motsi. Da muka fito ta ce in tsaya mata da taksi, ƙafarta na ciwo.