Darasi: Zaɓen wurin da za a dasa batirin zuciya

Zuciyar babban mutum tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan yana hutawa. Akwai cutar da ke tare hanyar saƙon da ke sa ta bugawa, sai bugun ya sauka zuwa 40 ko ma 30. Mutum ya riƙa jin jiri da kasala, wani lokaci ya yanke jiki ya faɗi. Irin wannan majinyaci ne ake dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya, wadda mutane suka fi kira batirin zuciya. A ƙasar Suwidin aka fara dasa ta a jikin mutum, a shekarar 1958.

Na'urar kashi biyu ce. Akwai ɗan akwatin ƙarfe mai ɗauke da batiri, wanda bai kai kwalin ashana kauri ba, nauyinsa giram 20 zuwa 50. Akwai kuma siririyar waya, ɗaya ko biyu ko uku, da ake zurawa ta jijiyar jini har cikin zuciya. Likita yana yin yanka kamar santimita 5 a ƙasan ƙashin da ya taso daga gindin wuya zuwa kafaɗa, ya buɗe ɗan aljihu, ya sa akwatin, ya ɗinke. Aikin yakan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu.

Batirin yana yin shekara 5 zuwa 15, kuma idan ya ƙare, a cikin wannan aljihu ake sa sabo. Wurin da aka zaɓa ranar farko, da shi za ka zauna. Sauya wuri daga baya wata tiyata ce, kuma duk buɗewar da aka yi wa aljihun tana ƙara haɗarin shigar ƙwayoyin cuta. Don haka maganar wuri tun kafin ranar aiki ake yin ta.

Hagu ko dama

Yawanci a hagu ake sa ta, domin mafi yawan mutane da dama suke aiki, kuma wayar ta fi sauƙin bi daga hagu. Amma ba dole ba ne. Idan kai bahago ne, ka faɗa tun ganin farko. Kada ka tsaya a kan hannun da kake cin abinci da shi, domin bahagwai da yawa an horar da su ci da dama tun suna yara, alhali fartanya da gatari da hagu suke riƙewa. Hannun aikin ƙarfi shi ake tambaya.

Ka bayyana wa likita sana'arka filla-filla. Maharbi ya nuna kafaɗar da yake dafa gindin bindiga, don ba a sa na'urar a nan. Mai rataya jaka, ko mai ɗaukar ruwa da sanda a kafaɗa, ya nuna inda kayan ke zama. Direba ya tuna cewa a Najeriya da Nijar sitiyari a hagu yake, bel ɗin direba kuwa ta kafaɗar hagu yake ratsowa. Wannan ba ya hana sa ta a hagu, ɗan tsumma mai laushi tsakanin bel da ƙirji yakan wadatar, amma gara likita ya sani ya kauce wa layin bel ɗin. Cire bel ba mafita ba ne.

Akwai inda lafiya ce ke yanke hukunci. Ba a sa ta a ɓangaren hannun da aka haɗa jijiya don wankin ƙoda. Ana guje wa ɓangaren da aka cire nono ko aka yi gashin ciwon daji, da inda jijiyar ta toshe, da inda fata ke da ƙuraje ko gyambo. Idan kuma na'urar irin mai ba zuciya girgizar lantarki ce lokacin da bugu ya rikice, likitoci sun fi son hagu domin a nan ta fi aiki.

Ƙarƙashin fata ko ƙarƙashin tsoka

Aljihun da aka saba yi yana tsakanin fata da tsokar ƙirji. Ya fi saurin yi, da allurar kashe zafi kawai, ya fi saurin warkewa, kuma sauya batiri a cikinsa ba wuya. Ga mai ɗan jiki wannan ya isa.

Ramammen mutum da tsoho mai siririyar fata su ne abin dubawa. A jikinsu akwatin yakan fito tudu, riga ta riƙa gogarsa, fatar ta yi ta sirancewa har wata rana ƙarfen ya huda ta. Idan ya huda, sai an cire akwati da waya baki ɗaya, kuma wannan babban aiki ne. Irin waɗannan mutane sun cancanci su tambayi likita ko za a sa musu a ƙarƙashin tsoka. A can ba ya fitowa sosai, fata kuma ta tsira. Sai dai ya fi ciwo a makonnin farko, ya fi zubar da jini, wani lokaci sai an yi allurar barci. Mai shan maganin tsinka jini, irin su warfarin ko asfirin, ya kawo kwalin maganin a gani, kada kuma ya daina sha da kansa.

A ɓangare ɗaya ma, santimita biyu ko uku suna da tasiri. Idan akwatin ya matsa wajen hammata, zai riƙa tokare hannu duk lokacin da aka miƙa shi gaba. Idan ya hau sama, zai riƙa bugun ƙashi. Ka roƙa a yi alamar wurin da biro kana zaune, ka ɗaga hannu, ka rungume ƙirji, ka ji ko zai dame ka. Jikin da ke kwance a gadon tiyata ba ya nuna wannan.

Mace ta zo da rigar nonon da ta saba sawa, a ga inda igiyarta ke bi. Mai goyo ta nuna inda take ɗaure zani da majanyi a ƙirji. Wadda tabonta ke yin tudu ya yi ta girma, ta faɗa, domin fatar ƙirji ta fi yin haka. Wasu likitoci suna iya yin yankan ta hammata ko ta ƙarƙashin nono. Wannan ba abin jin kunya ba ne, ki nemi ma'aikaciya mace ta tsaya tare da ke idan hakan zai sa ki sake.

Jarirai da ƙananan yara a wajen ciki ake sa musu akwatin, ba a ƙirji ba. Akwai kuma sabuwar na'ura marar waya, ƙarama ƙwarai, da ake turawa ta jijiyar cinya ta zauna cikin zuciya. Tana da tsada, ba kowane asibiti ke da ita ba, kuma ba kowace cuta take yi wa ba.

Bayan an dasa

Mako 4 zuwa 6 na farko, kada gwiwar hannun wannan ɓangare ta wuce kafaɗa, kada a ɗauki abin da ya fi kilo 5. Ba daka, ba jan guga, ba ɗora kaya a ka, domin wayar ba ta gama kama naman zuciya ba, tana iya gocewa. Amma kada a ƙanƙame hannun gaba ɗaya, kafaɗa za ta sage. A riƙa cin abinci da alwala da shi a hankali. Wajen tashi daga sujada, a dogara da ɗaya hannun.

Kada ka riƙa murza akwatin da yatsa, yana iya juyawa ya nannaɗe wayar. Wayar salula ta yi nesa da shi da santimita 15: kada ta zauna a aljihun gaban riga, a kara ta a kunnen ɗaya ɓangaren. Ba a yin ƙaho ko tsaga ko gashin ruwan zafi a wurin.

Idan wurin ya yi ja, ya yi zafi, ya kumbura, ko yana fitar da ruwa ko mugunya, ko zazzaɓi ya zo, a koma asibitin da aka yi aikin a ranar. Haka nan idan numfashi ya yi wuya, hannu ya kumbura, shaƙuwa ta ƙi tsayawa, ko jiri ya dawo. Kada a yarda kowa ya soka allura a kumburin don zuƙe jini a kemis, ta nan ƙwayoyin cuta ke samun hanya zuwa wayar da ke cikin zuciya. A tafi da katin na'urar, shi ne ke ɗauke da sunanta da lambarta da ranar da aka dasa ta.